Tsirfar Iya Mai Tafireta

Shagona a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, wurin da mutum ba ya iya miƙewa sosai sai ya ɗan rusuna. Lokacin da wannan abu ya faru shekarata goma sha ɗaya a wurin, ina ɗinke takalmin da ya yage, ina liƙa wanda ya ɓalle, jefi-jefi in yi sabo idan an ba ni aiki. A hannun dama akwai mai gyaran agogo, a hagu kuma wani tela da bakinsa ba ya hutawa. Mu ukun benci ɗaya gare mu na baƙi, wanda ya yi mutane shi ke jan sa gabansa.

Wata safiya ina shafa gam, mai agogo ya sunkuyo ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Maƙwabci, yau kai ne da ita. Ga Iya Ba-a-iya-miki can ta nufo ka."

Na ɗaga kai. Wata dattijuwa ce siririya mai tabarau, za ta kai shekara sittin, tana tafe tana ɗingishi, kafaɗarta ta hagu na faɗawa ƙasa a kowane taku. Na san ta da gani. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a wani ofis da ke ƙarshen titinmu har ta yi ritaya, shi ya sa ake ce mata Iya Mai Tafireta. Wannan shi ne sunan gaban ido. Wanda mai agogo ya faɗa na bayan ido ne.

Tela ya ce, "Duk masu takalman garin nan ta zagaye su. Akwai wanda idan ya hango ta sai ya tuna yana da unguwa. Ni riga ɗaya na taɓa ɗinka mata, sau huɗu na farke wuyan."

Ta iso ta yi sallama. Kafin ta zauna sai da ta fito da hankici ta share bencin, ta duba hankicin, ta sake sharewa. Sannan ta ce, "Kai ne mai takalman da ake cewa yana da haƙuri?"

Na ce, "Haka suke faɗa, Iya."

"Za mu gani."

Ta yi mini bayani a taƙaice, kamar mai karanta takarda. Ƙafarta ta hagu ta fi ta dama gajarta, tafin kuma ya ɗan karkata ciki. Tana son takalmi baƙi, rufaffe, mai igiya, a ƙara wa na hagun tsayi. Na auna ta bisa safa da tef, na rubuta, na ce ta dawo bayan mako guda. A raina na ce wannan ai ba abin da za a gudu a bar shago ba ne.

Ta dawo ranar da na ce, daidai lokacin da na ce. Ta saka takalmin, ta taka zuwa bakin kwata ta dawo, ta cire.

"Tsayin bai kai ba. Saura kaurin ɗan yatsa."

Na ƙara. Zuwa na biyu ta ce yanzu ya kai, amma takalmin ya yi nauyi, tana jan sa kamar an ɗaura mata bulo. Na cire robar da na ƙara na sa marar nauyi. Zuwa na uku ta ce akwai ɗinki a ciki da ke cin ta a gefen idon sawu. Na sa yatsa na lalube, ban ji komai ba, amma na buga wurin da guduma na lulluɓe shi da fata mai laushi. A wannan zuwan ne ta tsaya tana kallon allon da ke saman shagona, ta ce, "Wa ya rubuta maka wannan?"

Na ce wani mai fenti ne.

"Ya rubuta dinki. Kai ɗinki kake yi. A sa wa harafin ƙugiyarsa."

Tela ya shige bayan kekensa yana dariya ba sauti.

A gida ma labarin ya zama abin tsokana. Idan na dawo da yamma, mai ɗakina takan tare ni da, "Ya jikin takalmin Iya? An sallame shi ko yana nan kwance?"

Zuwa na huɗu ya faɗo ranar da raina yake a ɓace. Na yanke a yatsa da safe, aiki ya taru, wani ya zo ya yi mini tijara a kan jakar da ba ni na ɓata ta ba. Iya ta saka takalmin, ta yi takunta, ta dawo ta zauna.

"Yanzu babban yatsan ne. Yana danne shi ta sama."

Na ajiye basilla. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Iya, don Allah ki yi haƙuri, amma kin cika tsirfa."

Keken tela ya tsaya. Mai agogo ya cire gilashin da ke idonsa.

Ba ta yi fushi ba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta dube ni. "Me ake nufi da tsirfa?"

"Iya, ai kin fi ni sani."

"Na yi shekara talatin da ɗaya ina buga maganganun mutane a takarda. Da yawansu suna faɗin kalma ba su san abin da ta ɗauko ba. Faɗa mini yadda ka san ta."

Na sosa ƙeya. Na ce, "Tsirfa dai ita ce a yi wa mutum abu, abin ba shi da laifi, shi kuma ya ƙirƙiro masa laifi. Kamar yaron da zai ce ba zai sha ruwa ba sai a jan kofi."

"Madalla. Wato sai idan abin ba shi da laifi."

"E."

"To idan yana da laifi, mutum ya buɗe baki ya faɗa, shi kuma me sunansa?"

Na kau da kai na dubi takalmin.

Ta ce, "Juya mini bencin nan ya kalli ciki."

Na juya shi yadda ta ba titi baya. Ta sunkuya ta zare safar hagu a hankali. Sau huɗu tana zuwa, ban taɓa ganin ƙafar ba sai ta cikin safa, kuma ban taɓa nema ba. Na ga ƙafafu da yawa a sana'ata, amma ban taɓa ganin wadda takalmi ya ci kamar wannan ba. Gefen tafin ya yi kanta mai kauri, ta tsage. Idon sawun duk tabo ne, tsoho a kan tsoho. Farcen babban yatsan ya yi baƙi ya lanƙwashe. A samansa kuwa ga wani sabon ja, fatar ta ɗaye, daidai inda ta ce yana danne ta. Wannan aikina ne.

Ta ce, "Duba da kyau. Wanne ne a ciki na ƙirƙiro?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ki yafe ni, Iya."

"Ba yafiya na zo nema ba, ɗan nan, takalmi na zo nema. Amma tunda ka faɗi kalmar, bari ka ji inda na samo ta."

A nan, ƙafarta ɗaya ba safa, ta ba ni labarinta. Tana shekara huɗu zazzaɓi ya kwantar da ita, da ta tashi ƙafar ba ta biyo 'yar'uwarta ba. Mahaifiyarta ta rasu da wuri, goggonta ce ta riƙe ta, mace mai kirki da ba ta son ƙorafi. Duk lokacin da aka sayo takalmi ta ce yana mata ciwo, sai goggon ta ce, "Ke dai ki gode wa Allah kina takawa. Wasu ja suke da gindi. Ban son tsirfa." Sai a cusa tsumma a ciki a ce ta saka. Ta ce kafin ta kai shekara goma ta gane cewa yarinya mai irin ƙafarta, idan tana son a so ta, kada ta ƙara wa mutane wani nauyi. Ta koyi cewa "ya yi" tun kafin a gama tambayarta.

Da ta girma ta koyi bugun tafireta, don aiki ne na zaune. Amma zuwa ofis da dawowa a ƙafa ne, safe da yamma. Ta auri wani direban motar haya, mutum mai sanyin hali. Shi da kansa yake gyara mata takalmi. Yakan yanko tsohuwar taya ya buga a ƙasan na hagun da ƙusoshi, ya kawo mata yana murna ya ce, "Gwada mu gani." Ta gwada, ƙusa na sukan ta, ta ce, "Ya yi."

"Shekara ashirin da shida," in ji ta. "Yana jin daɗi ya yi mini abu. Ta yaya zan ɓata masa? Ya rasu bai san ko sau ɗaya takalmin nan bai yi ba. Kuma da na faɗa masa, wallahi da ya zauna ya gyara, ko sau ɗari ne. Ni na hana shi. Wannan ya fi ƙafar ci mini rai."

Bayan rasuwarsa bayanta ya riƙe, ƙugu ya ƙi. 'Yarta ta kai ta asibiti aka ɗauki hoto. Likitan ya ce ƙashin ƙugun ya cinye ta gefe ɗaya saboda shekarun da ta yi tana tafiya a karkace, kuma da an daidaita takalmin tun da wuri da ba a kai nan ba. Ya tambaye ta, "Mama, duk shekarun nan ba ki jin ciwo?" Ta ce tana ji. Ya ce, "Me ya hana ki faɗa?"

"Na dawo gida na zauna da tambayar nan kwana uku. Ban sami amsar da zan iya bugawa a takarda in sa hannu ba. Daga ranar na ce duk abin da ya cije ni sai na faɗa." Ta ɗan yi murmushi. "Ni ba a haife ni da tsirfa ba, da girma na koye ta. Kuma da yake na makara, sai ta zo mini da yawa. Na san wani lokaci tana zuba inda ba a kira ta ba. Tela shaida ne."

Daga bayan keke tela ya ce, "Wuyan rigar ma dai ya ɗan karkace, Iya, gaskiya."

Ranar na ajiye wancan takalmin gefe, na ce za mu sake daga farko. Na gaya mata gaskiya cewa ban san yadda ake yi ba. Ni abin da na iya shi ne in ɗinka takalmi a kan ƙafar katako irin ta kowa, wadda ake saya a kasuwa, ƙafarta kuma ba irin ta kowa ba ce. Ta ce, "To sassaƙa tawa."

Na je wurin kafinta na samo guntun katako mai laushi. Na zana tafinta a kwali, na auna ta wuri bakwai, ba safa. Kwana biyar ina sassaƙa da wuƙa ina gogewa da magagari, tana zuwa tana ɗora ƙafarta kusa da katakon muna kwatantawa. Abin da ya gagare ni shi ne sanin inda nauyinta yake sauka idan ta taka, don ido ba ya ganin wannan. Na faɗa mata. Washegari ta zo da wani tsohon ambulan, ta zaro takarda mai baƙin shuɗi.

"Takardar kabon ce. Da ita muke fitar da kwafi biyu a bugu ɗaya. Inda harafi ya bugu da ƙarfi, nan ya fi fitowa. Shimfiɗa ta a kan farar takarda in taka."

Ta taka, muka ɗaga. Ga tafin nan ya fito, kuma inda nauyin yake ya yi baƙi ƙirin: gefen waje da ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Tsakiyar tafin ko taɓa takardar bai yi ba. Na daɗe ina kallon takardar nan. Shekara goma sha ɗaya ina sana'a, ranar na fara ganin yadda mutum yake taka ƙasa.

Na rarake cikin takalmin inda baƙin ya fi yawa na sa soso, na cike inda babu, na ɗaga bakin don yatsan ya sami wuri, na juya duk ɗinki ya koma waje. Duk da haka ba a gama a zuwa ɗaya ba. Ta dawo da shi, na gyara, ta sake dawowa. Bambancin shi ne yanzu idan ta ce nan ne, ba na lalubawa in ce ban ji ba. Alli nake ba ta ta sa alama.

A zuwa na tara, in ban ƙidaya kwanakin sassaƙa ba, ta ɗaure igiya ta miƙe. Ta taka zuwa bakin kwata, ba ta juyo ba. Ta wuce shagon mai gyaran waya, ta wuce kantin magani, ta kai har ƙarshen titi inda tsohon ofishinsu yake. Mu uku muka fito muka tsaya muna kallo. Ɗingishin bai tafi duka ba, amma kafaɗar ta daina faɗawa. Da ta dawo ta zauna a benci tana kallon ƙafafunta. Na ga ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa, alhali ba abin da ya same su.

Can ta ce, "Igiyar ta yi tsawo."

Mai agogo ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ita ma ta yi. Na yanke igiyar.

Na ɗauka shi ke nan mun rabu, ashe farawa muka yi. Bayan mako biyu ta zo da wata mata da ta haɗu da ita a layin asibiti, mai ciwon suga, wadda aka yanke wa yatsu biyu. Bayan ita sai wani malamin makaranta da ya karye ƙafar ta ɗore a gajarce. Takan kawo su da kanta, ta zauna a gefen benci, jakarta a cinya, tana sa ido.

Wanda ba na mantawa wani ƙaton mai gadi ne da babur ya taɓa murƙushe wa dunduniya. Na gama nasa ya saka, ya taka, na ga fuskarsa ta ɗan yamutse, amma ya ce, "Ya yi, ya yi. Allah ya saka da alheri."

Iya ta ce, "Bai yi ba."

Ya ce, "Wallahi Mama ya yi. Ai ya yi ƙoƙari."

"Ba ƙoƙarinsa za ka saka ka tsaya a bakin ƙofa awa goma sha biyu ba. Na ga fuskarka. Zauna ka nuna masa wurin."

Mutumin ya zauna yana jin kunya kamar an kama shi da laifi. Da ƙyar ya nuna bayan dunduniyar, ya ce, "Nan ne, amma kaɗan ne, kada in zama mai tsirfa."

Ta ce, "Zama. Ba a kama kowa a kanta."

Gyaran bai ɗauke ni rabin awa ba.

Ba zan ce duk ƙorafin Iya gaskiya ne ba. Akwai wanda tsirfa ce tsagwaronta, irin ta jan kofi. Idan na sayo mata shayi sai ta ce an cika madara, gobe a rage ta ce an yi rowa. Ba ta zama a benci idan wani ya tashi yanzu, sai ya huce. Ta taɓa mayar wa mai agogo da agogonta don ƙarar tafiyarsa ta canja. 'Yarta ta ce a gida labule ɗaya sai a rataya shi sau uku. Amma na lura da abu guda: a kan shayi da labule, idan ka yi dariya ita ma dariya take, ta bar maganar. A kan abin da ke yi wa mutum ciwo ne ba ta ja da baya, nata ne ko na wani.

A hankali aikina ya sauya. Likitan ƙashi ya ji labari ya fara turo mini mutane da 'yar takarda. Na bar ƙarƙashin bene na kama shago mai ƙofa a titin dai, inda nake miƙewa tsaye. A bango na jera ƙafafun katako, kowace da alamar mai ita. Da wannan aikin na ciyar da gidana, yarana suka yi karatu. Ba wanda ya koya mini shi sai matar da ta ƙi cewa ya yi.

Shekara shida ta yi tana saka takalman da nake mata, ƙafa biyu duk shekara. Sannan ta kwanta jinya ta 'yan makonni, Allah ya karɓi abarsa. Na je gaisuwa tare da tela da mai agogo.

Bayan wata guda 'yarta ta zo shago da rana. Ta ce a shekarun nan shida babu dangin da mahaifiyarta ba ta taka ta je gidansa ba, har waɗanda rabonta da su tun tana amarya. Kasuwa ma da kanta take zuwa, ta ƙi a aika. Sannan ta ce, "Na zo ne in roƙe ka ka yafe mata. Na san ta wahalar da kai."

Na ce, "'Yar'uwa, dubi shagon nan. Duk abin da kika gani a ciki wahalar da ta ba ni ce. Allah ya ba ni mai wahalar da ni irinta ko da guda ne kuma."

Ta yi dariya tana share ido.

Ranar na rufe shago da wuri. Na shiga gida da la'asar na tarar da mai ɗakina a tsakar gida tana wanke-wanke a gindin famfo, ta duƙa, hannu ɗaya a ƙugu. Shekara goma sha tara ina ganin ta a haka, ban taɓa tsayawa na duba ba. Na jawo kujera na zauna.

Na ce, "Wai a gidan nan, akwai abin da ke ba ki wahala da ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta dube ni ta ce, "Lafiya? Babu komai."

Na sake tambaya. Ta ce babu. A ta uku ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta miƙe a hankali tana dafe baya.

"Tunda ka matsa. Famfon nan ya yi ƙasa. Tun ranar da muka tare bayana yake ciwo a kansa."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai ka sa shi da hannunka, kana ta murna."

Washegari ban buɗe shago ba. Na kira mai gyaran famfo muka ɗaga shi, na gina mata dakali a ƙarƙashi inda za ta ɗora kwanuka tana tsaye. Da siminti ya bushe ta gwada, ta wanke kofi biyu, ta juyo ta dube ni.

Ta ce, "In faɗa?"

Na ce, "Faɗi."

"Ya ɗan yi sama kaɗan."

Na ɗauko guduma.